Makon Da Ustad Shambe Ya Ci A Madadin Durnaz

Ranar Asabar aka haife shi, don haka aka raɗa masa Shambe, kamar yadda ake yi wa ɗan Asabar a unguwarmu Liyari idan iyaye ba su da lokacin neman suna. Ubansa makaɗi ne. A birnin Karaci in ana neman kiɗa da rawa ana tunawa da mu Shidi, baƙaƙen gari, in an watse kuma a manta da mu sai wani bikin. Shambe ya tashi yana ɗaukar wa ubansa ganga, yana ganin yadda ake miƙo musu abinci ta bayan rumfa bayan kowa ya wanke hannu. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya jingine gangar ya tafi dako tashar jiragen ruwa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sauke buhunan shinkafa da siminti, bai ajiye tsoka ko ta rantsuwa ba. Mutum ne dogo siriri, in ya sa riga sai ka ce a ƙusa aka rataye ta.

Damben zamani kuwa sau ɗaya tak ya taɓa shiga fage. Waɗanda suka gani sun ce abin bai cika minti ɗaya ba, kuma shi aka kwasa. Amma in Shambe ya ɗauko maka labarin wannan karawa, gara ka aika gida a rufe maka abincinka. Ni kaina na ji shi ya fi sau hamsin, kuma kullum abokin karawar ƙara tsawo yake yi.

Lokacin da bayansa ya gaji ya bar tasha, unguwa ta lalace. Yaran da ko gemu ba su fara ba suna yawo da bindiga a ƙugu, uwa in ɗanta ya fita ba ta sanin ko zai dawo. Shambe ya tattara yara bakwai ya hau da su rufin shagon Lal Baksh, ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya cika buhun siminti da yashi ya rataye, ya ce duk mai jin haushin duniya ga inda zai huce. Daga baya ya yi wa abin rajista da suna Ƙungiyar Ɗaga Kai ta Matasan Shidi, aka rubuta a allon da ya fi ƙofar shagon faɗi. Shi ne shugaba. Matarsa Zargul ce sakatariya, don a gidan ita kaɗai ta san gaban takarda da bayanta. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma Zargul takan ce da ta san 'ya'yan mutane arba'in mijinta zai kwaso mata, duk masu yunwa, da ba ta wahalar da kanta wurin masu magani ba. Dokar ƙungiya ɗaya ce: wanda bai je makaranta da safe ba, ba zai sa safar dambe da yamma ba. Safar ma ta mutum huɗu ce kacal, sai dai a bi layi. Tun daga nan kowa yake ce masa Ustad, wato malam.

Taimako kuwa sai dai a ce Allah ya kawo. Yana da wani koren fayil da yake yawo da shi a hammata ofis-ofis, har masu gadi sun san shi suna ba shi kujera. Wani lokaci manyan ƙungiyoyi sukan zo a motoci masu sanyi su ɗauki hoton yara, sai wata a cikinsu ta tambaya ko yaran za su ɗan taka rawar gargajiya a ɗauka. Ustad yakan ce rawa muna da ita, tamu ce, ranar bikinmu muke yin ta, nan dambe ake yi da aikin gida. Su tafi, bayan wata biyu su aiko da huluna arba'in masu tambarinsu. Duk da haka rufin nan ya fitar da direbobin bas uku, da malamar makaranta, da wani ɗan sanda da har yau in ya hango Ustad yake ɓoye sigari a bayansa. Biyu kuma suna maƙabarta, ba ya so a yi zancensu.

Durnaz ta hanyar laifi ta shigo ƙungiyar. Tana shekara goma sha ɗaya wani yaro a makaranta ya ce mata gindin tukunya, ta zubar masa da haƙori. Uwarta Gohar ta jawo ta a kunne har rufin, ta ce Ustad ya yi mata faɗa tunda yara suna jin maganarsa. Ustad ya ɗaure fuska ya dubi yarinyar.

"Da wane hannu?"

Ta ɗaga na hagu.

"Gohar, ki bar mana ita," in ji shi. "Faɗan nan ba na kwana ɗaya ba ne."

Shekara bakwai ke nan. Ita Gohar a rumfar ɓare jatanlande take aiki a bakin teku, inda mata ke tsugunawa tun asuba hannu cikin ƙanƙara. Faratanta sun daɗe da zubewa, yatsun sun kumbura sun tsattsage. Uban Durnaz, Murad mai amalanken jaki, ba mugu ba ne, baki bakwai yake ciyarwa. Ya riga ya yi magana da shugabar rumfar an ajiye wa Durnaz wuri kusa da uwarta. Ana cikin haka sai ga sanarwa: wata ma'aikatar gwamnati tana neman 'yar dambe ɗaya a ajin kilo hamsin, wadda nauyinta ya haura haka ba za ta shiga fage ba, za a gwada su a filin wasa na lardi. Wadda ta ci za ta samu albashi, da ɗakin kwana, da gurbin kwaleji a birnin Lahor. 'Yan ƙasa da shekara goma sha tara ake nema, baɗi Durnaz ta wuce.

"Ustad, na ba ka har ranar gwajin," in ji Murad. "In ta ci, Allah ya sa albarka. In ba ta ci ba, Litinin da asuba ta bi uwarta. Ba zan sake zancen ba."

Ƙungiya tana da sikeli, kuma ba ƙaramin alfahari Ustad yake yi da shi ba. Shekara biyu da suka wuce Lal Baksh ya sayi sabo ya ba su tsohon kyauta, aka yi taro aka rataya masa furanni a wuya aka ɗauki hoto. Ƙaton sikeli ne na ƙarfe mai faranti, irin wanda ake ɗora mataccen injin ban ruwa a kai. Duk Juma'a Ustad sai ya goge shi da mai, ba ya barin yaro ya hau da takalmi. Ranar cike fom ya ɗora Durnaz, ya tura dutsen awo, ya ga arba'in da biyar. Zargul ta rubuta ajin hamsin, aka miƙa, kuma fom in ya shiga ba ya fitowa gyara.

Abin da ya hana Ustad sukuni shi ne kilo biyar ɗin da suka rage. 'Yan matan da za su zo daga ƙauyukan arewa a kan madara da man shanu suka tashi, za su cika hamsin ɗinsu cif, tasa kuwa iska ma za ta iya ɗauke ta. Bayan sallar Juma'a ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce yarinyar nan ba ta Murad kaɗai ba ce, ta unguwa ce, kowa ya sa hannu a ciyar da ita. To mu ba a yi mana irin wannan magana sau biyu. Kafin la'asar gidaje sun yi layi, Zargul ta tsara su a littafin ƙungiya, da rana gida ɗaya, da magariba gida ɗaya, har jajibirin gwaji. Kwana goma Durnaz ta yi tana cin abin da ba ta saba gani ba sai a biki. Kumatunta suka fito, sikeli ya ce arba'in da bakwai, Ustad ya ce a ƙara himma.

Saura kwana bakwai suka je asibitin unguwa don likita ya sa hannu a takardar lafiya. Nas ta ɗora Durnaz a ɗan ƙaramin sikelinta mai lambobi, ta rubuta ko kai ba ta ɗaga ba.

"Hamsin da biyu da giram ɗari uku."

"Arba'in da bakwai," in ji Ustad, a hankali, kamar mai gyara wa yaro karatu.

"Baba, ga shi nan a rubuce."

"'Yata, wannan abin naki na jarirai ne. Mu namu tan guda yake ɗauka."

Nas ta ce to shi ma ya hau. Ustad ya san kansa a kilo hamsin da huɗu tun ranar da aka kawo musu sikeli. Ya hau sai ga sittin. Gaskiya sai da ya ɗan ji daɗi kafin ya gane abin da hakan yake nufi. Aka kai su ɗakin haihuwa aka gwada wani, aka tsallaka kantin magani aka gwada na uku. Duk bakinsu ɗaya.

A gida Zargul tana tankaɗe ya ba ta labari. Ta ajiye rariya.

"Tsaya, Shugaba. Lambar da kake kawo min in rubuta, yadda sikelin Lal Baksh ya faɗa kake kawowa? Ba ka ƙara komai a kai?"

"Me zan ƙara?"

"Rabon Lal Baksh mana. Wa ye bai sani ba a layin nan in ka kai masa kilo goma, tara sikelinsa yake gani? Yaran da kake koyarwa ma sun sani, shi ya sa suke cusa tsakuwa a gwangwani kafin su kai masa."

"Shekara biyu, Sakatariya, ba ki buɗe baki ba."

"Na ga kullum kana durƙushe a gindinsa da mai da tsumma, na ɗauka gyara ka yi masa. Kowa haka ya ɗauka."

Ustad bai taɓa sayar da ƙarfe ba a rayuwarsa. Duk guntun da ya tsinta sai ya zuba masa siminti a kai biyu ya zama abin ɗagawa na yara. Shi kaɗai ne a unguwar bai san halin sikelin nan ba, kuma shi aka ɗauka aka ba.

Ya nufi shagon Lal Baksh rai a ɓace. Lal Baksh ya ja shi bayan tarin tsofaffin kekuna, ya taɓa masa haɓa yana roƙo.

"Yayana, wallahi ni kaina na manta. Tun zamanin babana haka yake. Ka rufa min asiri. Abin da mutane suka sani a ransu daban, wanda aka faɗa a ƙofar masallaci daban."

Ustad ya ɗaga kai ya dubi rufin da yara arba'in ke tsalle a kai kyauta shekara goma sha biyar. Ya juya ya fito.

Ga dai yadda abin ya tsaya: kilo biyu da ɗoriya su sauka cikin kwana bakwai, ga kuma gida goma sha huɗu a littafin Zargul suna jiran ranarsu. A wurinmu in an yi girki da sunan mutum, ƙin cinsa ya fi mari ciwo. Akwai gidaje biyu a layin maƙera da ba sa gaisawa tun kafin a haife ni, a kan kwanon shinkafa da aka mayar. Kuma waɗannan ba masu hali ba ne, wasu sun yi mako suna cin gurasa da albasa don ranarsu ta yi kyau. Ustad ya yanke zai bi su gida-gida ya ba da haƙuri, ya ce likita ne ya hana.

Gidan farko na Masi Nazal ne, wato Inna Nazal, tsohuwar da mijinta ya tafi teku bai dawo ba. Ustad ya shiga da Durnaz a bayansa da haƙurinsa a baki, sai ya ga gashin kaza a bakin magudana. Kaza ɗaya Masi Nazal take da ita, kowa ya san ta, don har suna gare ta. Tsohuwar ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko farantin da ba ta fitarwa sai ranar Idi, tana ta murmushi da haƙoranta uku.

"Zauna, 'yar nan. Tun safe nake kanta."

Ustad ya buɗe baki, haƙurin ya ƙi fitowa. Abin da ya fito daban ne.

"Masi, an aiko da sabuwar doka daga manyan dambe na ƙasashen waje. Makon ƙarshe ɗan wasa ba ya cin abinci da bakinsa. Mai horar da shi ne yake ci a madadinsa, shi kuma ya zauna ya kalla."

"To ƙarfin ta ina zai shige ta?"

"Ta horo, Masi. Ni in ci, in koya mata, ya shiga."

Masi Nazal ta dube shi sama da ƙasa. Can ta ce Turawa dai ba sa rasa abin ƙirƙira, ta turo masa farantin. Ya cinye kazar nan tas, har wuya da ƙafafu, Durnaz na gefe da kofin ruwan zafi da lemun tsami.

Kafin magariba dokar ta zagaye unguwa. Da mata suka ji namiji ne zai ci ba yarinya ba, sai suka ƙara hannu. A gidan masunta aka soya kifi mai tsawon kamu biyu. A gidan maƙera aka yi shinkafar biriyani da dankali, aka tsaya a kansa har ya kankare ƙanzo. Wasu 'yan'uwa mata biyu da ke gaba da juna, katanga ɗaya a tsakaninsu, suka faɗo rana ɗaya. Mai magaribar ta leƙa ta ga abin da mai ranar ta yi, ta ninka shi, ta ɗora halawa mai iyo a man shanu. In ya ce ya ƙoshi sai a ce ai ba cikinsa ba ne, na yarinya ne, kada ya tauye mata haƙƙi. Dokar shi ya kafa ta, ba shi da bakin musu.

Durnaz kuwa da asuba tana gudu a gefen busasshen kogi da leda a ƙarƙashin riga, ta ci dafaffen ƙwai da kokwamba, ta je makaranta, da yamma ta daki buhu. Sannan ta bi shi gidan mutane ta zauna tana kallo, don dole a ga fuskarta. Yunwa ba ta rage mata baki ba.

"Ustad, ku ɗauki cinyar can. Ban ƙoshi ba."

"Ki ji tsoron Allah, yarinya."

"Yau kam na ji daɗin miyar nan. Masi, a ƙara mana."

Rana ta huɗu mazagin wandonsa ya daina kaiwa, sai da Zargul ta ƙulla masa wani. Ya daina hawa rufi, yana ba da umarni daga gindin matakala, yara suna miƙa maganar sama baki-baki, kafin ta isa ta zama wata. A sallah in ya yi ruku'u sai ya yi wani nishi har liman ya ɗauka gyara ake yi masa. Kullum da safe suna wurin nas, wadda ta zama 'yar ƙungiya ba tare da an tambaye ta ba. Hamsin da ɗaya da rabi. Hamsin da ɗaya. Hamsin da giram ɗari shida. Washegari ma hamsin da ɗari shida, lambar ta kafe. Nas ta ce shi ma ya hau a gani, ya ce ba shi ne zai yi dambe ba.

A hanyar dawowa ranar Durnaz ba ta yi tsiya ba. Sun biyo ta bayan rumfar jatanlande, warin ya tare su tun daga kwana. Ta tsaya.

"Na taɓa yi wa Ammi kwana biyu a ciki da ta yi zazzaɓi," in ji ta. "Sai da na yi mako hannuna bai dunƙulu ba. Ustad, in na shiga nan ba zan sake sa safa ba, ko?"

Ya ja ta suka wuce, don bai saba yi wa yara ƙarya ba, manya kaɗai ya fara yi wa a makon nan. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko lokacin bindigogi. Yarinyar nan daidai take, hamsin cif, ranar da ya ɗora ta a sikelin don cike fom. Shi da bakinsa ya tara unguwa aka ƙara mata. In ta tsuguna a rumfar nan ranar Litinin ba Murad ne ya kai ta ba, shi ne.

Gida na ƙarshe, magaribar Juma'a, na Lal Baksh ne. Laifi yana cinsa, don haka ya yanka ɗan akuya sukutum, ya gayyato rabin layi su zo su shaida. Mutum biyu suka ɗauko tiren suka girke a gaban Ustad. Ya dubi naman ya yi salati. Yana cikin kokawa da haƙarƙari sai Masi Nazal ta dogaro da sandarta ta zauna kusa da shi, ta rage murya.

"Shambe, jikana ya duba a waya tun ranar farko. Babu wata doka."

Ya ajiye haƙarƙarin a tire.

"Matarka ta gaya mana komai a bakin famfo, har zancen sikeli. Ci abincinka. Shekara goma sha biyar kana riƙe mana yara, ko shayi ba ka taɓa zama ka sha a gidan kowa ba, kullum sauri kake. Yanzu da muka kama ka, ka ɗauka za mu sake ka?"

"Masi, kazarki fa?"

"Ta tsufa, ta daina ƙwai tun bara. Ci."

Ƙarya take, don shi ya ci kazar, ya ga ƙananan ƙwai a cikinta. Ya waiwaya ya nemi Zargul a cikin mata, tana can tana nazarin rufin ɗakin Lal Baksh kamar saye za ta yi. Kunya da daɗi suka haɗe masa, ya rasa wanda zai fara ji. Ya sunkuya ya ci gaba da ci, kuma a karon farko a makon ya ji ɗanɗanon abin da yake ci.

Asabar da safe Murad ya kai su filin wasa a amalankensa, kowane rami a titi sai Ustad ya kira sunan Allah. Mai rajista ya dubi Durnaz, ya dubi fom, ya tambaye ta da Turanci daga wace ƙasa ta zo. Mun saba da wannan tambayar tun muna yara. Da wata rana ce da Ustad ya lissafo masa kakanninmu da suka kwanta a ƙasar nan kafin a haifi nasa, amma ranar cikinsa ya fara wani irin juyi. Durnaz ce ta amsa.

"Daga Liyari. Ka hau bas a ƙofar nan, in ka ji warin kifi ka sauka."

Aka fara kiran suna. Saura mutum biyu a zo kanta, ɗan akuyan Lal Baksh ya ce shi fa ba zai ƙara jira ba. Ustad ya miƙa wa Zargul tawul ya nufi bayan gida da wata tafiya mai haɗa mutunci da sauri. Shekara goma sha biyar yana jiran ranar da zai tsaya a bayan ɗalibarsa a gaban sikelin gwamnati, ranar ta zo yana tsugunne a wani ɗaki mai ƙofar kwano. Yana ji aka kira sunanta a lasifika. Sai shiru. Can sai takun silifa, aka buga ƙofar.

"Shugaba, arba'in da tara da ɗari tara."

Hamdala ta taso masa har baki, sai ya tuna inda yake, ba wurin ambaton Allah ba ne. Haka ya toshe bakinsa da hannu biyu yana kuka, ya riƙe ta har ya gama ya fito da ƙafar dama, sannan ya sake ta da ƙarfin da sai da masu shara suka waiwayo.

Karawa biyu ta yi. Ta farko ba ta daɗe ba. Ta ƙarshe da wata doguwa ce daga arewa, mai hannu kamar muciya, wadda ta yi turmin farko tana taɓa fuskar Durnaz yadda ta ga dama. Ustad yana kusurwa, ba ya iya sunkuyawa ya ɗauki bokiti, Zargul ce ke miƙawa. Duk dabarun da ya tanada suka gudu daga kansa. Abin da ya iya ce mata kawai shi ne ta shige ƙarƙashin hannun nan ta bar hagunta ta yi aiki. A turmi na biyu ta shige. A na uku doguwar ta fara ja da baya tana neman igiya. Alƙalai uku ne, biyu suka ba Durnaz. Murad da ya ce shi gadin jakinsa zai tsaya ba zai shiga ba, a kan kujera aka same shi tsaye yana juya rawaninsa a sama.

Litinin da safe jirgin ƙasan Lahor ƙarfe tara zai tashi. Gohar ba ta samu hutu ba, don a rumfar in ka tashi wata ce za ta zauna a wurinka, tun asuba ta fita. Durnaz ta sa fararen kayan wasan da ma'aikatar ta ba ta, ta ce sai sun biya. Ustad ya ɗauki jakar ya bi ta.

Mata sun fi ɗari a tsugunne kan jiƙaƙƙen siminti. Kusa da Gohar akwai 'yar kujerar katako da kwano, babu kowa a kai. Da suka ga Durnaz sai rumfar ta ɗauki shewa. Gohar ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta sun sage, ta zo bakin ƙofa. Durnaz ta buɗe hannu za ta rungume ta, uwar ta ja da baya ta ɓoye hannayenta.

"Kar ki matso. Kayanki farare ne, warin nan ba ya fita. Cikin mutane za ki shiga."

"Ammi."

"Na ce kar ki matso. Tafi haka, na gan ki."

Durnaz ta zagaya ta kamo hannayen nan biyu, masu sanyi, tsattsagaggu, da ɓawon jatanlande manne a jiki. Gohar ta yi ta fizgewa, amma shekara bakwai aka yi ana gina wannan riƙon. Ta ɗora su a ƙirjin farar rigar ta danne, ta daɗe a haka, har ruwan ya bar shaida biyu a jiki.

Ustad ya juya baya ya ba su wuri. Murna yake yi, kuma zuciyarsa ciwo take, don mata ɗari ne a rumfar, ɗaya kawai ya iya hanawa shiga. Shugabar rumfar ta zo ta goge kujerar da gefen zanenta, ta leƙa waje inda wasu 'yan mata ke jingine da bango tun asuba suna jira, ta yafito ta gaba. Yarinyar ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba. Ta shigo da sauri tana naɗe hannun riga, fuskarta cike da murnar an ɗauke ta.